Jan Biro da Kwamfutarsa Mai Ƙamewa

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana duba rubutu a wata maɗaba'a, kuma a tsawon shekarun nan ba a taɓa ganin aljihun rigarsa babu jan biro ba. Da shi yake bin takarda layi-layi kafin a kai ta kan inji, ya cafko harafin da ya zame, ya mayar da waƙafin da ya ɓace. Tun abokan aiki na kiransa Jan Biro a bayan idonsa har suka koma kiransa a gabansa, shi kuwa ko a jikinsa, daɗi ma yake ji. Dogo ne siriri, da tabarau mai kaurin gindin kwalba. Ko ƙusa ya saya aka ƙunso masa a tsohuwar jarida, sai ya warware ta ya karanta kafin ya yar. An ce ya taɓa tsayawa a ƙofar wani mai aski yana lallashinsa ya sauko da allon shagonsa a gyara kalma ɗaya, har mai askin ya gaji ya ce, "Baba, aski ka zo yi ko makin jarrabawa?"

Da ya yi ritaya, zaman gida ya nemi ya kashe shi. Wata uku yana safa da marwa tsakanin falo da ƙofar gida, yana gyara wa matarsa rubutun littafin awon masu kawo mata ɗinki, don ita tela ce, a gida take aiki. Babbar 'yarsu, wadda ke aure a wani gari mai nisa, ita ta hango cewa in ba a samo wa Baba abin yi ba, Mama ce za ta fara kwanciya a asibiti. Ta aiko masa da kwamfuta ta tebur, akwatinta daban, allonta daban, da 'yar kyamara da ake maƙalawa a saman allon don su riƙa ganin juna in suna waya. Aka kwashe tarkacen ɗan ɗakin da ke jikin kicin aka sa masa tebur da kujera. Kafin shekara ta zagayo, makarantu uku na unguwar sun san hanyar gidansa. Malamai su kawo tambayoyin jarrabawa da rubutun hannu, shi ya buga, ya kuma gyara musu kurakuran da ba su ma san sun yi ba. Da yatsa biyu yake bugu, amma ba a taɓa dawo masa da aiki ba.

Matar tasa ta ɗinka wa akwatin kwamfutar riga da ragowar yadin labule, mai kauri, har da leshi a baki, wai kada ƙura ta shiga. Ya duba ɗinkin sama da ƙasa bai sami abin gyarawa ba, ya ce ta yi ƙoƙari. A bakinsa wannan babban yabo ne.

A shekara ta uku ne kwamfutar ta fara ƙamewa. Yana tsakiyar bugu sai komai ya tsaya cak. Ya ja maus, 'yar kibiyar da ke allo ta ƙi motsi. Ya danna nan ya danna can, shiru. Ranar farko shafi huɗu na tambayoyin lissafi suka salwanta, don bai adana ba, ya zauna baki buɗe kamar wanda aka yi wa ƙwace da rana tsaka. Ya kira 'yarsa. Ta ce ya danne maɓallin kunnawa har ta mutu, ya ƙirga goma, ya sake kunnawa. Ta tashi, ta yi kwana biyu lafiya lau, ta koma ruwa. 'Yar ta ce ya zare wayoyin baya duka ya mayar. Ya zare su ɗaya bayan ɗaya, kowace sai da ya liƙa mata takarda mai lamba don kada ya rikice. Maƙwabcinsa mai gyaran firji ya leƙo ya ce wuta ce ba ta da ƙarfi, aka sauya soket. Wani malamin makaranta ya rantse bairos ne, ya kawo maganinsa a filash, suka bar shi yana bincike tun hantsi har yamma, ƙarshe ya ce bai ga komai ba.

Da yake shi mutum ne mai tsari, sai ya ware takarda, ya ja layi a tsakiya, ya fara rubuta kowace ƙamewa da ranarta da lokacinta. Ya lura iri biyu ce. A hagu yake rubuta babbar, wadda sai an kashe an kunna. A dama kuma ƙaramar, wadda ta fi ƙona masa rai: yana bugu, ya ɗaga ido ya ga agogon kusurwar allo ya yi tsalle da minti biyu ko uku, ga harafi guda ya jeru ya cika layi shida, kamar kwamfutar ta yi in'ina. Ita wannan ba sai an kashe ba, da kanta take saki.

Abin ya kai shi bango ranar da shugabar ɗaya daga makarantun ta zo da ƙafarta, ba aike ba. Ta zauna a bakin kujera, ta ja gaisuwa ta yi tsawo, sannan ta zaro takardar jarrabawar kimiyya ta miƙa masa da hannu biyu.

"Baba, ka yi haƙuri, ba ƙorafi na kawo ba. Daga tambaya ta sha ɗaya sai ta sha huɗu. Har yara sun zauna kafin mu ankara."

Ya karɓa ya karanta sau uku. Ya cire tabarau ya goge ya mayar, tambayoyin nan biyu ba su dawo ba. Tun da ya fara riƙe jan biro, wani mahaluki bai taɓa nuna masa kuskure a aikinsa ba.

"Kwamfutar ce," ya ce. "Cinye su ta yi."

Bayan baƙuwar ta tafi, matarsa ta tsayar da keken ɗinki ta zo bakin ƙofa tana murza gefen zaninta.

"Malam, da za ka ji tawa, da ka je an duba ka. Wani lokacin in kana zaune..."

"A duba ni? Ni ne na'urar? Ke dai ki tsaya a kan allura da zare, ki bar abin da ba ki sani ba."

Ta haɗiye sauran maganar ta koma kan kekenta.

Washegari da safe ya ɗaure akwatin kwamfutar a bayan babur, da rigarta da komai, ya nufi layin masu gyara. An yi masa kwatancen wani shago a saman bene, aka ce ya tambayi Injiniya. Ya hau yana haki, ya tarar da wata mata mai kamar shekara arba'in zaune cikin tarin wayoyi da gawarwakin kwamfutoci, ɗan sukudireba a hannunta. Ya ce Injiniya yake nema, ko ya fita ne? Ta ce bai fita ba, ga ta nan. Ya waiga ya dubi matakalar da ya hawo, ya ga ƙafarsa ba za ta iya sauka da kayan nan yanzu ba, ya ajiye a kan teburinta.

Ta ɗaga leshin da yatsa biyu. "Wa ya ɗinka mata wannan?"

"Iyalina."

"A cikinta take aiki?"

"Ba a taɓa cire mata ba."

"Innalillahi! Baba, kai in an lulluɓe ka da bargo aka ce ka yi gudu na shekara uku, za ka kai ko'ina?"

Ta tuɓe rigar, ta nuna masa 'yan ramukan da iska ke fita ta baya, duk a toshe. Ta kwance gefen akwatin. Jan Biro ya leƙa, ya ja da baya har ya take wata waya. Ƙura ce ta dunƙule a ciki kamar audugar tsohuwar katifa, haɗe da zare-zaren ɗinki kala-kala. 'Yar fankar da ke sanyaya injin ta cushe, ko da yatsa aka tura ta ba ta juyawa.

"Wannan duk daga gidana? Gidan da ake shara sau biyu a rana?"

"Daga gidanka, Baba. In zafi ya yi mata yawa tsayawa take yi don kada ta ƙone. Ai ta ma yi maka kara."

Ta kai ta bakin taga ta hure ta da injin iska, ƙura ta tashi har mai shagon ƙasa ya ɗago kai yana zage-zage. Ta sauya fanka, ta jona akwatin da nata allon, ta kunna. Kwamfutar ta tashi, amma kamar mai ciwon baya. Injiniya ta ɗan danne-danne, ta tsuke baki.

"Ma'ajiyarta ta cika maƙil, ko numfashi babu wurin yi. Me kake tarawa haka? Fina-finai?"

"Ni? Fina-finai? Yarinya, ki iya bakinki. Takardu ne kawai."

"Takardu ba sa cika wannan ko shekara ɗari za ka yi kana bugu."

Ta bi ta nan ta ɓulla ta can, sai ga wata folda da bidiyo sama da ɗari shida a jere, kowanne da kwanan wata da lokaci. Ta buɗe ɗaya. Fuskarsa ce ta cika allon, hancinsa dab da kyamara, yana sakace haƙori da murfin biro.

Ya dafa tebur. "Subhanallahi! Wa ke leƙen asirina a cikin ɗakina?"

Ta koma kan na farkon duka, na wata biyar da suka wuce. Ga shi nan da sabuwar hula, yana gyaran murya, yana yi wa jikarsa barka da fara tafiya. Nan take ya tuna. 'Yarsa ce ta roƙe shi ya ɗauki gaisuwa ya tura, ya ɗauka, turawa ta gagara, ya bi duk wani ɗan akwati da ya gani a allo ya danna, ƙarshe ya haƙura.

"To ɗaya daga cikinsu," in ji Injiniya, "cewa ya yi kyamara ta riƙa ɗauka duk lokacin da ta ga motsi. Babu ɗan leƙen asiri, Baba, kai ka ɗauki kanka aiki. Ciwo biyu ne, zafi da cikar ma'ajiya. Na farko mun gama da shi. In na share waɗannan, shi ke nan."

"Tsaya tukuna." Ya zaro takardarsa ya shimfiɗa mata. "Na hagu kin yi bayaninsa, na yarda. Na dama fa?"

Ta karanta, ta sake karantawa. "Agogo ya yi tsalle, harafi ya jeru, ta saki da kanta. Baba, kwamfutar da ta ƙame ba ta rubutu. In ta tsaya, ta tsaya ke nan."

"Ni zan yi miki ƙarya? Ga shaida a hannunki. Buɗe na ranar Talata, ƙarfe goma da minti sha biyu, ki gani da idonki."

Ta buɗe. Ga shi zaune yana bugu da yatsunsa biyu, labulen taga na kaɗawa a bayansa. Sai ya tsaya. Idanunsa a buɗe, suna kallon wani wuri da ba allon ba. Leɓɓansa na motsi kamar mai tauna abu. Hannun damansa ya sauka a kan maɓallan ya zauna, na hagu yana tsintar gaban rigarsa. Labulen bai daina kaɗawa ba.

"Kin gani ko? Ta tsaya," ya ce.

"Dubi labulen, Baba," Injiniya ta ce a hankali. "Kwamfutar na aiki."

A cikin bidiyon, ƙofa ta buɗe. Matarsa ta shigo da kofin shayi. Ta dube shi, ta ajiye kofin can nesa da hannunsa, da saurin wanda ya saba. "Malam. Malam." Bai juyo ba. Ta durƙusa a gefensa, ta kama kafaɗarsa, ta sa gefen mayafinta ta goge masa yawun da ya zubo a haɓa. Bakinta na motsi, addu'a take yi, hawaye na bin kumatunta. Da ya fara ƙifta ido, ta miƙe zumbur, ta share fuska, ta ɗauki kofin ta koma bakin ƙofa, ta sake shigowa kamar yanzu ta iso. Shi kuma mutumin da ke cikin allon ya dubi agogo, ya dubi layukan harafin da suka jeru, ya buga tebur, ya juya ya daka mata tsawa wai ta cika shigowa tana raba masa hankali.

Jan Biro ya nemi kujera da hannu bai samu ba, ya zauna a kan wani kwali. Bai tuna ko ɗaya daga abin da ya gani ba, ko shigowarta ta farko, ko hannunta a kafaɗarsa.

"Buɗe wani," ya ce.

Ta bi layin dama na takardarsa, rana bayan rana. Sau huɗu suna buɗewa, sau huɗu yana ganin dattijon nan mai kamarsa ya tafi ya bar jikinsa a kujera. A na ranar da ya buga jarrabawar kimiyya, ya ga yadda ya farfaɗo, ya goge harafin da ya jeru, ya juya shafin rubutun malamin gaba ba tare da ya gama na baya ba.

"Ya isa," ya ce. Can kuma ya ɗago a firgice. "Da babur na zo. Kullum da babur nake fita. Har iyalina nake goyawa."

Injiniya ta miƙa hannu. "Kawo makullin, Baba. Zan sa a shigar da shi ciki. Mota zan tsayar maka."

Mutumin da ko direban bas sai ya yi gardama da shi a kan hanya, ya zaro makulli ya sa mata a tafin hannu nan take. Ta kwafe bidiyo uku a filash ta ce ya kai wa likita, kada ya tsaya dogon bayani, ya nuna masa kawai.

Ya tarar da matarsa tana yanka yadi a kan tabarma. Ta dubi hannunsa babu kwamfuta, ta leƙa waje babu babur, almakashin ya faɗi daga hannunta.

"Malam, hatsari ka yi?"

Ya zauna a ƙasa kusa da ita, abin da bai taɓa yi ba. "Tun yaushe?"

Ba ta tambaye shi me yake nufi ba. "Wata bakwai. Ranar farko kana cin abinci ne, cokali a hannu. Na ɗauka ajali ne ya zo."

"Wata bakwai! Kika yi shiru?"

"Sau uku ina ɗauko maganar. Na farko ka ce gyangyaɗi ne. Na biyu ka ce ni ce ba na gani da kyau. Na uku jiya ne." Ta ja hanci. "Na gaya wa babbar. Ta ce in lallaɓa ka har ta samu hutu ta zo mu kai ka tare, don ta san ni kaɗai ba zan iya da kai ba. Duk ranar da ka tayar da babur ɗin nan, ba na iya zura zare a allura sai na ji ƙararsa ya dawo."

"To me ya sa kike komawa bakin ƙofa?"

"In ka farka ka gan ni durƙushe ina kuka, me zan ce maka?"

Ya ɗauki almakashin ya miƙa mata.

Kwana uku bayan nan 'yarsu ta iso, ba ta jira hutun ba. Likitan ya kalli bidiyon sau biyu, ya ce da duk marasa lafiya za su zo masa da irin wannan, da aikinsa ya yi sauƙi. Aka yi hoton kai, aka liƙa masa wayoyi a fatar kai aka auna. Sakamako ya nuna wani ɗan tabo a ƙwaƙwalwa, inda wata ƙaramar jijiyar jini ta taɓa toshewa bai sani ba, sanadin hawan jinin da ya daɗe yana cewa na masu ƙiba ne. Daga tabon nan abin ke tasowa. Likitan ya ce wani nau'i ne na farfaɗiya.

"Farfaɗiya?" Jan Biro ya miƙe tsaye. "Likita, ni ban taɓa faɗuwa ba! Ban taɓa kumfa ba!"

"Ba kowace ke kayar da mutum ba, Baba. Wata ɗauke shi take yi na ɗan lokaci ta dawo da shi. Zauna. Tana jin magani, in ka sha shi a kan ƙa'ida."

Ƙa'ida kuwa an zo gidanta. Ƙwaya ɗaya da safe, ɗaya da yamma, ko minti biyar ba ya ƙarawa. A watan farko abin ya zo masa sau biyu, a na biyu sau ɗaya, daga nan ya yi shiru. Maganin na sa shi barci bayan abincin rana, ya rage karɓar aiki, makaranta ɗaya ta koma wani wurin, biyu suka tsaya. Babur ɗin ya bar wa ƙanen matarsa. Kwamfutar ta dawo gida tsirara, an ɗora ta a kan ɗan benci nesa da bango, tana aikinta.

Duk bayan wata uku suna hawa bas su je asibiti, shi da matarsa, ita ke riƙe katin. A zuwansu na huɗu, a kan bencin jira, ya zauna kusa da wani dattijo mai gyaran agogo da ke ta juya hularsa a hannu. Hira ta kai su ga abin da ya kawo kowa. Mai agogon ya rage murya ya ce shi dai an ce yana ɗauke wuta, amma bai yarda ba, sharrin yaran gida ne.

"Wa ya rako ka?" Jan Biro ya tambaye shi.

"Ni kaɗai na zo. Ai ni ne mai jikin."

"To me za ka gaya wa likitan? Lokacin da abin ke faruwa kai ba ka nan. Kira gida, wanda ya gani ya zo."

Mai agogon ya ce wayarsa ba kati. Matar Jan Biro ta buɗe jaka ta miƙa masa tata. Yana cikin laluben lambar 'yarsa nas ta leƙo ta kira lamba ta sha bakwai, Jan Biro da matarsa suka tashi suka shiga, suka bar shi da wayar a kunne.